Fuskokin Kaka a Murhun Sadakar Bakwai

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya cika ranar Alhamis da hantsi a gidanmu na Kudan. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar an fara tambayar buhu.

Ni aka sa rabon ruwa a cikin gida, saboda haka babu abin da ya wuce kunnena. Mace za ta shigo, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gaban Goggo, ƙanwar babana, ta ja gaisuwa: "Ashe Baba lokaci ya yi? Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi nan." Baki yana addu'a, ido yana kan ƙofar ɗakin mamacin. In na miƙa mata kofi sai ta riƙe hannuna, ta rage murya.

"'Yar nan, wai kayan nan nasa suna ciki har yanzu?"

"Waɗanne kaya, Inna?"

"Ke ma kin sani."

"Ban sani ba. Sha ruwanki."

Wata da ta zo daga Hunkuyi ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki, tsoho mai barkwanci, ba ya riƙe kowa a ransa." Saura kaɗan in saki tiren. Kaka ya riƙe kowa. Sai dai shi ba a rai yake riƙe mutum ba, a itace yake riƙe shi, ya jefa a buhu. Goggo kuwa ta yi kukan da sai da Liman ya aiko a ce mata ta sassauta. Tsakanin kuka da kuka ta jawo ni ta ce, "An kulle ɗakin kuwa?" A ƙofar gida ma, yadda aka ba ni labari, maganar ke nan: a yi maza a san yadda za a yi da gumakan nan kafin su jawo wa bawan Allah azaba. Masu wannan tausayin, wata uku Kaka ya yi a kwance, ko ɗaya bai leƙo ya ce masa sannu ba.

Kada wani ya ɗauka yabon Kaka na zauna yi. Shekara bakwai ina gaba da shi, kuma ya mutu ba mu shirya ba. Ina rubutu ne saboda an ƙone abin da ya bari, kuma na ga alama kafin sallah mai zuwa za a mayar da shi wani salihin tsoho mai carbi wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba. Wannan tsohon ba kakana ba ne. Nawa mugun tsoho ne mai idon ganin aibi, kuma gara a tuna shi a haka da a manta shi cikin ladabi.

Manomi ne: masara, rake, da ɗan tumatir a fadama. Ba gidan sassaƙa ya fito ba, bai taɓa kai turmi kasuwa ba. Sassaƙa abin sha'awarsa ce kawai, ta yamma, in ya dawo gona ya yi la'asar. Zai shimfiɗa buzunsa a bakin zaure, ya jera kayansa: ɗan ƙaramin gizago, wuƙar da maƙeri ya ƙera masa da tsohon ƙarfen mota, ƙusa da yake sawa a garwashi in zai huda ido, fasasshiyar kwalba ta kankara, da gwangwanin man kaɗe. Daga nan sai kallon masu wucewa. Za ka gaishe shi ya amsa da fara'a, har ya tambayi iyali. Kai kana jin daɗi, shi kuwa hancinka yake aunawa.

Ko itacen ma ba haka kawai yake ɗauka ba. "Mai taurin kai, kirya," in ji shi. "Raggo, rimi. Munafuki kuma dogon yaro: inuwa a waje, ɗaci a ciki."

Kuma ba ya sassaƙa fuska don ta zauna tana kallon mutane. Dole ta hau kan abin aiki, kai kawai, babu gangar jiki. Mai gulmar unguwarmu, da kunnuwa kamar faifai, yana kan sakatar ƙofa. Wani marowaci, leɓensa a tsuke kamar bakin jaka, shi ne toshiyar gora. Mai son kujerar gaba a kowane taro yana ƙafar kujera 'yar tsugunno. Akwai wani da duk gari ya san yana dukan matarsa. Shi a gindin taɓarya Kaka ya sa shi, wajen da ke shiga turmi. In aka ce masa, "Baba, wannan fa gunki ne," sai ya ce, "Gunki zaune yake ana yi masa hidima. Nawa su ke hidimar."

Ba shi kaɗai ba ne. Su biyar ne masu wannan cutar: shi, da wani tsoho mai mazarƙwaila a Makarfi wanda mu a gida muke kira Tsohon Makarfi, da wani tela daga Ikara, da malamin firamare mai ritaya daga Saulawa, da mai facin keke na Hunkuyi. Kowace Laraba in kasuwar Makarfi ta fara watsewa, sai su haɗu a gindin wata tsamiya bayan 'yan rake. Ban taɓa zuwa ba, ba wurin mata ba ne, amma duk ranar da ya dawo sai mun sha labarin, muna so ko ba ma so. Kowa zai kwance tsummansa ya fito da aikin mako, a miƙa hannu zuwa hannu. Ba a faɗin suna. In dariya ta ƙwace wa mutane kafin a gama tauna ɓarin goro, aiki ya yi. In aka yi shiru ana jujjuyawa, sai Kaka ya ce, "Kai wa matarka ta ɗora tukunya."

Ƙa'idodinsu uku ne, kuma shi ya kafa su. Ta farko na faɗa: fuska sai a kan abin aiki. Ta biyu: ba a taɓa halitta, sai hali. "Abin da Allah Ya yi wa fuskarka ba ruwana," in ji shi, "abin da kai ka yi mata nake sassaƙawa." Ta uku ita ce muguntar: ba a rubuta suna, ba a sayarwa, amma duk wanda ya zo ya ɗaga abu ya ce da bakinsa, "Wannan ni ne," to nasa ne, ya tafi da shi. Ku duba tarkon. Ka ce kai ne, ka yarda kai marowaci ne. Ka yi shiru, leɓenka yana nan yana toshe gora. Shi ya sa buhun ya cika.

A duk Kudan namiji ɗaya na san ya taɓa cewa "ni ne", shi ne Limanmu. Sun fi shekara ashirin suna jayayya da Kaka a kan sassaƙar nan. Liman ya ce barinta ya fi, Kaka ya ce kai babu jiki ba ya numfashi. Sai wata rana Kaka ya fito da sanda, a kanta fuskar wani mutum ya buɗe baki ya lumshe ido, kamar mai huɗubar da ba ta ƙarewa. Liman ya tsaya a bakin zaure ya kalle ta, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Malam, wannan ni ne. Miƙo."

Ya karɓa, ya kai aka goge fuskar, ya riƙe sandar. Ita yake dogarawa har yau. Huɗubar ma ta ragu. Ra'ayinsa bai canza ba, gaisuwarsu ma ba ta canza ba. Irin wannan mutumin in ya ce haramun, sai in saurara. Amma ba waɗanda tsoron Allahnsu bai tashi ba sai da suka hango hancinsu a buhu.

Rigimar da ta fi kowace girma a tsamiyar nan, a kan ƙa'ida ta biyu aka yi ta. Telan Ikara yana da wani maƙwabci da suke shari'ar iyakar gona, sai mutumin ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya karkace. Tela ya sassaƙa shi a haka, a kan cokali, ya kawo. Biyu daga cikinsu suka yi dariya. Kaka ya karɓi cokalin, ya ɗora a saiwar tsamiya, ya raba shi biyu da gizago.

"Wa ya karkata masa baki, kai ko Ubangiji?"

"Haba Malam, ai wasa ne."

"Da Allah kake wasan? Tashi ka ba mu wuri. Je ka ɗinka wa mutane wando mai ƙafa ɗaya doguwa, shi ka iya."

Shekara biyu bai amsa sallamar telan da fiye da abin da addini ya wajabta ba. Sai da mutumin ya je har gida ya roƙi gafarar maƙwabcinsa, sannan aka matsa masa wuri a tabarma.

Alherinsa ɗaya zan faɗa, don na gani da idona, kuma don kada a ce na yi masa rowa. Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu da idonta ya tafi. Ɗanta ɗaya ne, yana can Kudu yana aikin lodi, sai ya shekara biyu bai zo ba. Kaka ya yi mata sandar marke, ya kai mata da kansa, ya sa mata a hannu bai ce komai ba. Ta shafa kan sandar. Ta shafa goshi, ta sauko hanci, sai yatsunta suka tsaya a kan wasu kunnuwa da suka baje kamar na jemage.

"La ila! Ɗan banzan nan ne! Kunnen ƙashi ne, wallahi shi ne!"

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta murɗe kunnen sandar kamar yadda take murɗe na yaron in ya ƙi ji. Da ita take yawo har ta rasu. Shi ke nan. Kada a tambaye ni na biyu.

Yanzu tawa. Da can ni da Kaka babu mai jin kanmu. Babana ya rasu ina goye, Kaka ne ya hana a fitar da Innata daga gidan. Wasan jika da kaka muke yi kamar kowa: ya ce mini Amarya, in ce masa tsohon miji marar haƙori, ya ce ya sake ni, in ce dama na gaji. Ina da shekara goma sha biyar aka yi bikin wata 'yar'uwarmu. Wata dattijuwa daga dangin ango ta ce Innata ta cika gishiri a miya, ta faɗa a gaban mutane, ta kuma maimaita. Na ce mata in ba ta so ta ajiye, ba a ɗaure kowa ba. An ce na yi rashin kunya. Ni har yau ban ga inda na yi ƙarya ba.

Bayan mako biyu aka zo tuƙa tuwon wani suna a gidanmu, sai ga Kaka ya shigo da sabuwar muciya ya miƙa wa matan. A samanta, wajen riƙo, kan wata yarinya ne da ɗan kallabi, ido ƙanana, sauran duk baki ne, a wangame kamar ƙofar rumbu. Mata suka zube a ƙasa. Wata har da riƙe ciki. Ba wanda ya faɗi suna, ba a bukata. Kafin Litinin maganar ta riga ni isa makaranta. Bakin Muciya. Da shi na gama sakandare. Har malamin lissafi ya taɓa kirana da shi, wai kuskure ne.

Bakina ƙarami ne, kowa ya zo ya duba. Na je na same shi a zaure na faɗa masa haka.

"Ƙarami ne in yana rufe, Amarya. Yaushe rabon da a gan shi a rufe?"

"Ka ƙone ta."

"Ba na ƙone aikina. Ki ce ke ce, ki ɗauki abarki, ki yi yadda kika ga dama."

"Ba ni ba ce."

"To me ya dame ki da muciyar mutane?"

Daga ranar ban sake amsa Amarya ba. In gaishe shi a tsaye, in ajiye masa abinci, in juya. Shi ma bai sauko ba. Ya mayar da muciyar buhu, amma in an yi baƙi sai ya fito da ita yana shafa mata mai. Ni yarinya ce lokacin, shi kuwa ya haura saba'in. Duk wanda zai ce mini wasa ne, ya fara ɗaukar suna irin wannan shekara uku a aji mai mutum sittin, sannan ya zo mu yi magana. Kwana biyar kafin ya rasu na kai masa kunu. Ya rame har ba ya iya ɗaga kofin. Ya nuna buhun da haɓa.

"Amarya, ba za ki zo ki ɗauki kayanki ba?"

Na ce, "Ba ni da kaya a wurinka." Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Sai Baffa, yayan babana, babban ɗan Kaka, mai sayar da hatsi a Hunkuyi. Shi ya kulle ɗakin tun kafin a ɗauki gawa, ya sa makullin a aljihu. Baffa ya daɗe yana jin kunyar ubansa. In ya je Makarfi ranar Laraba, hanyarsa ta bi ta gefen tsamiyar, sai ya murɗe wuya ya kalli wancan gefen, kamar mai neman wani a cikin 'yan rake. In abokan kasuwancinsa suka tambaye shi ko tsohon nan mai gumaka ubansa ne, sai ya ce, "Daga garinmu dai yake." Kaka ya sani. Kaka ba ya rasa sanin irin wannan.

Ranar uku Baffa ya sanar a ƙofar gida cewa zai ƙone buhun gaba ɗaya, don ya sauƙaƙa wa mahaifinsa kwanciyar kabari. Tsohon Makarfi yana wurin, shi da telan Ikara. Su biyu suka rage a cikin biyar ɗin. Ni ina bayan ƙyauren zaure, na zo karɓar kwanuka. Ban yi saurin komawa ba.

"Yaro, kayan nan ba naka ba ne," in ji Tsohon Makarfi. "Ba na ubanka ba ne ma. Masu su suna nan zaune a tabarmar nan."

Wani ya kama tari.

"Baba, da girmanka," Baffa ya ce, "wannan maganar addini ce, ba ta gindin tsamiya ba. Ga Liman nan."

Ya ɗauka Liman nasa ne. Liman ya jujjuya sandarsa ya ce, "Alhaji, ni na faɗa wa mahaifinka ra'ayina yana raye, ido da ido. Ba zan jira ya kwanta in yi masa shari'a ba. Amma na shaida, kowa ma ya shaida, ya ce duk wanda ya ga kansa ya faɗa da bakinsa, nasa ne. A bar mutane su gani. Wanda ya faɗa da gaskiya ya ɗauka. Abin da ya saura na magada ne, ku yi yadda kuka ga dama."

Baffa ya yi murmushi, don ya san garinsu. "Shi ke nan. Ranar bakwai za a baje su. Abin da ba a ɗauka ba, da shi za a dafa abincin sadaka."

Ranar bakwai da safe aka zazzage buhun a tabarma a ƙofar gida. Sun fi sittin. Maza suka yi addu'a, suka shafa, suka tashi. Kowa sai ya bi ta gefen tabarmar a hankali, hannu a baya, ya ɗan saci kallo, ya ce "A'uzu billahi," ya wuce. Mai gulma ya wuce sakatarsa. Marowaci ya wuce toshiyarsa. Mai taɓarya ko kusa bai zo ba. Telan Ikara ne kaɗai ya duƙa ya ɗauki wani abin zare mai fuskar mutum yana dariyar mugunta, ya ce, "Ni ne." Shi ke nan a cikin maza.

Da hantsi Baffa ya sa aka kwaso su zuwa cikin gida, gaban murhu, inda muke aikin tuwo. Bai tafi ba. Ya tsuguna yana tona tulin da kansa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya juya wancan. Wai yana ware masu ƙarfe ne. Na san abin da yake nema. Bai samu ba. Goggo kuwa ba ta tsaya nema ba, ta san inda tata take. Ta fizgo wani maburgi mai fuskar mace tana kuka da ido ɗaya, ɗayan yana leƙe, ta kifa shi a wuta, ta danna da ƙafa. "Allah Ya raba mu da shirka," in ji ta.

Sai aka fara turawa. Kirya tana ƙara, rimi yana tashi kamar takarda. Man kaɗen da ya shekara yana shafa musu ya sa wutar ta yi wani irin ƙamshi. Ina tsaye da tsintsiya sai na hango kallabin muciyar nan. Matar Baffa ce ta ɗago ta, ta kalle ni, ta danne dariya, ta nufi murhu da ita.

Shekara bakwai abin da nake so ke nan, a ƙone ta. Ga shi an zo ƙonewa, ba tare da na ce uffan ba. Amma da na ga ta hannun wa za ta tafi, da dalilin da za ta tafi, sai wani abu ya taso mini.

"Ajiye ta."

"Me kika ce?"

"Na ce ki ajiye. Wannan ni ce."

Mata sun fi ashirin a wurin. Wata ta ce, "Ai dama mun sani." Na ce, "Kin sani, amma ke ba ki faɗi taki ba, ga ta can a ƙarƙashin tukunya." Na karɓi muciyata.

Da a nan abin ya tsaya da na ce na ci riba. Amma a ƙasan tulin akwai gizagon Kaka. Baffa ya ɗauka ya buga ƙotar a dutse don ya cire ƙarfen, ƙarfe ai yana da amfani. Ƙarfen ya faɗo, ƙotar ta mirgina ta tsaya a gaban ƙafata. A gindinta, daidai inda tafin hannunsa yake rufewa in yana aiki, akwai fuska. Ta sha hannu har ta yi sulɓi, amma ba wanda zai kasa gane ta. Tsoho ne, ido ɗaya a kanne yana auna mutum, giɓi a gaba, baki a wangame, leɓen ƙasa ya zame hagu don mugunta. Ashe shi ma bai bar kansa ba. Shekara da shekaru yana riƙe da ita a gabanmu, ba wanda ya gani.

Goggo ta yi shiru, shirun gaske, karon farko tun ranar Alhamis.

Hoton Kaka ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, inda ya tsuke baki ya zaro ido kamar wanda aka kama da akuyar sata. Wannan ba shi ba ne. Shi ne wannan da ke ƙasa. Wayata kuma tana wajen mai caji tun safe, balle in ɗauki hotonta. Na duƙa zan ɗauka, Baffa ya riga ni.

"Ita ma ke ce? Ɗazu kin ce ke ce muciya. Fuska nawa gare ki?"

Da na ce ni ce, wataƙila da kunya ta sa ya sake ta. Amma Liman ya ce da gaskiya, kuma ni rashin kunya na iya, ban iya ƙarya ba.

"Ba ni ba ce, Baffa. Ubanka ne."

"To ya zo ya ce shi ne."

Ya jefa ta a wuta. Sannan ya murɗe wuya ya kalli katanga, ya fita.

Ƙotar ta marke ce, marke kuwa ba ya saurin ci. Na tsaya ina kallo har idon ya tafi, giɓin ya tafi. Bakin ne ƙarshe. Ƙa'idarsa ce ta cinye shi: sai mutum ya faɗa da bakinsa, ba a faɗa wa wani. Shi ya kafa ta don ya ƙure mutane, ita ta ƙure shi. Ban tausaya masa a nan ba. Haushi na ji, nasa da na kowa.

Ruwa ya tafasa, aka ce a kawo muciya. Na ce ga ta. Ni na tuƙa tuwon sadakar nan, tukunya uku, da hannuna a kan kallabin. A nan ne na fara kallonta da kyau, don shekara bakwai ban yarda na kalle ta ba. Leɓen ƙasa ya zame hagu. Nawa ba ya zamewa, na duba madubi. Bakinsa ya ɗora mini. Ban sani ba ko zagi ne ko gado. A wurin Kaka ba a cika rabe su ba. Duk wanda ya wuce tabarmar nan yana a'uzu billahi ya ci tuwon, wasu har da neman ƙari.

An ce a yafe wa mamaci. Na yafe, don ina tsoron Allah, ba don ya yi daidai ba. Muciyar tana ɗakin Innata, muna aiki da ita.

Saura abu ɗaya. Baffa yana yawo yanzu da sakin fuska, ya ɗauka tasa ta bi wuta a cikin waɗanda bai gane ba. Ba ta taɓa shiga buhu ba. Shekarun baya Kaka ya kafa masa turken kirya a sashensa, na ɗaure rago. Ni nake share wurin, na san abin da ke gindinsa ta ɓangaren katanga: wani mutum da hula mai tsada, ya murɗe wuya yana kallon wancan gefen. Kullum da yamma Baffa yana duƙawa a kansa ya ɗaura igiya. Ko bai gani ba, ko ya gani ya kau da kai, duk ɗaya ne, aikin ya yi. Ni dai ba zan faɗa masa ba. Ƙa'ida ce: sai ya faɗa da bakinsa.

Allah Ka jiƙan Kaka. Ka san abin da hannunsa ya yi, Ka fi mu sanin dalilinsa. Ka haskaka kabarinsa, Ka yi masa hisabi da sauƙin da shi bai taɓa yi wa fuskar kowa ba, har tasa. Amin.